Marigayi Alhasan Ɗantata: Ya Nemi Arziki A Bakin Teku, Ya Gina Gida A Sarari

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Ikko ya taɓa bi ta Ikoyi ran Lahadi, ya tsaya yana kallon gidajen attajirai da suka jeru a bakin ruwa, yana cewa a ransa ina ma shi ne. To, yau za mu kai masu karatu ziyara gidan wani attajiri wanda ruwan nan ne ya buɗe masa hanyar arziki, amma sai mutum ya hau mota har birnin Kano kafin ya ga gidan. Yana unguwar Sarari, dab da Koki, kuma mai shi, Alhaji Alhasan Ɗantata, a nan aka binne shi.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fatake tun kaka da kakanni. Yana yaro mahaifinsa Madugu Abdullahi ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, sai ta tashi ta koma Ankara ta ƙasar Gana, ta bar 'ya'yanta hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan sunan Ɗantata ya samo asali.

Da ya ɗan tasa sai ya bi ayari ya tafi wurin uwarsa. Bai tarar da shimfiɗar da ya yi zato ba, domin kuwa wurin wani malami ta miƙa shi, yana karatu yana neman na abinci da guminsa a baƙon gari. Da yawa cikinmu mun san wannan zama. Bayan ya komo gida Basasar Kano ta tashi a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, aka kama shi, sai da fansa ya kuɓuta.

A wancan zamani fataken Gwanja da jakuna suke ɗauko goro, su yi wata da watanni a daji, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowace ƙasa, ga goro yana bushewa a hanya. Wajen 1906 sai Ɗantata ya fara loda goronsa a jirgin ruwa daga Ankara da Sekondi zuwa Ikko. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A ganinmu nan ne ya tsere wa tsararsa, domin ba ƙaramin abu ba ne Bakano ya ɗanka dukiyarsa ga teku a lokacin da yawancin mutanen garinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Challawa ba.

Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano a 1912, kasuwar gyaɗa ta buɗe. A 1918 ya shiga sayen gyaɗa wa Kamfanin Neja. Yakan raba wa yaransa jari su bazu ƙauyuka, su dawo su yi lissafi. Zuwa 1922 ya wuce Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo a dukiya. Lokacin da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929, kayan raƙumi 20 na tsabar azurfa ya kai ajiya.

Duk da haka bai sa gidansa a bakin teku ba. Wani fili ya samu a gefen Koki, babu kowa, ya gina gida, 'ya'ya da barori da yaran kasuwa suka kewaye shi, har wurin ya zama unguwa. Da ciwon ajali ya kama shi, ya tara 'ya'yansa ya gargaɗe su da su zauna tare, kada su wargaza kamfanin. Ya rasu ran 17 ga Agusta, 1955. Allah ya jiƙansa, amin.

Ɗansa Alhaji Sanusi ya rasu a 1997, Alhaji Aminu kuma a 2025, aka binne shi a Madina. Jikan Sanusi ta wajen 'yarsa Hajiya Mariya, wato Aliko Ɗangote, shi ne ya gina matatar man fetur da aka ƙaddamar a 2023 a Lekki, a bakin tekun da jiragen goron nan suka riƙa bi.