Dakta John Snow, likitan da ya bi sawun amai da gudawa har bakin rijiya

Duk wanda ya yi jinya a yankin Tambuwal ko Kebbe da damina ya san yadda abin yake. Ruwa ya yi yawa, masai ya tumbatsa, rijiya ta gurɓace, sai a fara kwaso mutane suna amai da gudawa. Wanda ya fara nuna wa duniya cewa ta ruwan sha wannan ciwo ke yaɗuwa shi ne wani likita Bature mai suna John Snow.

An haife shi a garin York na Ingila a 1813, mahaifinsa lebura ne. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon aikin likita a Newcastle, kuma a can ya fara ganin kwalara tana kashe masu haƙar kwal. A wancan zamanin likitoci sun ɗauka wari da gurɓatacciyar iska ne ke kawo ta. Snow bai gamsu ba. A ganinsa, ciwon da ya fara da ciki, ta baki ya shiga. Ya rubuta haka a 1849, amma ba a kula shi ba.

A ƙarshen watan Agusta na 1854 annobar ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, cikin kwana goma mutum kusan 500 suka mutu. Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa. Yawancinsu famfon rijiyar titin Broad Street suke sha. Ma'aikatan wani kamfanin giya da ke titin, waɗanda ba sa shan ruwan, sun tsira. Wata mata kuwa can nesa a Hampstead, da ake kai mata ruwan famfon don tana son ɗanɗanonsa, ta rasu. Ranar 8 ga Satumba hukuma ta cire hannun famfon. Gaskiya annobar ta riga ta fara lafawa kafin nan, shi ma bai ɓoye ba.

Daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, ya gano tushen abin: wata jaririya ce ta kamu, aka zuba ruwan wankin tsummanta a ramin ƙazanta da bai fi taku ɗaya da rijiyar ba. Nan ne labarin ya fi taɓa ni, domin sau da yawa a gidajenmu masai da rijiya maƙwabta ne, alhali ana son a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu. Inda hakan bai samu ba, a tafasa ruwan sha ko a sa masa sinadarin kulorin, a wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida, wanda ya kamu kuma a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanyar asibiti.

Snow ya rasu a 1858 sakamakon shanyewar jiki, yana da shekara 45, likitoci da yawa ba su yarda da shi ba tukuna. Sai wajen 1884 Robert Koch na Jamus ya tabbatar da ƙwayar cutar a Indiya.