Janar Robert Neyland: Sojan da ya mayar da tsaron gida makamin cin wasa

A tarihin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, ba kasafai ake maganar tsaron gida ba tare da an ambaci sunan Janar Robert Neyland ba.

Marigayin ya horar da ƙungiyar Jami'ar Tennessee na tsawon kakar wasa 21. A cikin wasanni 216 da ya jagoranta, ya ci 173, aka doke shi a 31, aka tashi kunnen doki a 12.

Abin da ya fi ɗaga sunansa shi ne, a wasanni sama da 100, abokan karawarsa sun bar fili ba tare da samun ko da maki ɗaya ba.

A wannan wasa, kowane ɓangare na da 'yan wasa 11. Ana bai wa masu riƙe da ƙwallo damar gwaji sau huɗu su matsa gaba da yadi 10, in sun kasa sai ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Aikin masu tsaron gida shi ne su hana wannan matsawa.

Tashinsa da shigarsa soja

An haifi Robert Reese Neyland ranar 17 ga watan Fabrairun 1892 a garin Greenville na jihar Texas.

Bayan ɗan zaman karatu a jiharsu, ya samu gurbi a makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point, inda ya kammala a shekarar 1916.

A can ya yi fice a wasanni uku: zari-ruga, da dambe, da kuma wasan ƙwallon gora na Amurka. Ƙungiyar New York Giants ta nemi ɗaukarsa a matsayin ƙwararren ɗan wasan ƙwallon gora, amma ya zaɓi kakin soja.

Ya shiga rundunar injiniyoyi, aka tura shi Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga bisani ya ƙaro ilimin injiniya a cibiyar MIT, sannan ya koma West Point a matsayin dogarin shugaban makarantar, Janar Douglas MacArthur.

Zuwansa Tennessee

A 1925 aka tura shi birnin Knoxville domin koyar da ɗaliban Jami'ar Tennessee ilimin aikin soja, yana kuma taimakawa wajen horar da 'yan wasa. Shekara guda bayan haka aka damƙa masa ragamar ƙungiyar.

Babban abin da jami'ar ke nema a wajensa shi ne ya kawo ƙarshen kashin da take sha a hannun maƙwabciyarta, Jami'ar Vanderbilt. Ya sha kaye a karawarsu ta farko a 1926, amma daga nan reshe ya juye da mujiya.

A kakar wasa bakwai na farko, sau biyu kacal aka doke ƙungiyarsa.

Neyland ya ɗauki wasa tamkar fagen daga. A ganinsa, ba a cika cin wasa da bajinta ba, kuskuren abokin gaba ne ke bayar da nasara.

Saboda haka bai damu da riƙe ƙwallo ba. Idan ƙungiyarsa na kusa da gidanta, yakan sa a buga ƙwallon can nesa da ƙafa, ko da damar gwajinta ba ta ƙare ba. Ta haka abokan hamayya za su faro daga wuri mai nisa, su yi ta fama da masu tsaronsa har ƙwallo ya suɓuce musu a kusa da gidansu. A nan ne yaransa ke cin gajiya.

Dabarun kai harinsa ba su da yawa, amma yakan sa a maimaita kowace ɗaya ba adadi kafin a gwada ta a fili. Yana kuma cikin masu horarwa na farko a kudancin Amurka da suka riƙa nazarin wasanni ta hanyar hoton majigi.

Kakar da ba a sake yin irinta ba

A 1935 rundunar soja ta tura shi yankin mashigin ruwan Panama. Ya dawo Knoxville a 1936, bayan ya yi ritaya daga aikin.

A 1938 ƙungiyarsa ta ci dukkan wasanninta 11. A 1939 kuwa ta ci wasanni 10 na kakar ba tare da an samu maki ko ɗaya a kanta ba. Tun daga lokacin babu wata babbar jami'a da ta sake yin haka.

Tsakanin 1938 da 1940, ƙungiyoyi 17 a jere ne suka kara da Tennessee a wasannin kaka suka tashi hannu rabbana.

Sai dai a wasan Rose Bowl na ranar 1 ga Janairun 1940, Jami'ar Kudancin California ta doke su da ci 14 da nema.

Yaƙi na biyu da dawowarsa

An sake kiransa bakin aiki a 1941. Ya yi hidima a fagen yaƙin Sin da Bama da Indiya, inda ya kula da jigilar kayan yaƙi, musamman ta tashar jiragen ruwa ta Kalkata. Ya kai muƙamin Birgediya Janar.

Da ya dawo a 1946, ya tarar wasan ya sauya. Akasarin jami'o'i sun rungumi sabon salon kai hari mai sauri, shi kuwa ya tsaya kan tsohon tsarinsa.

Da sakamako ya yi rauni a 1947 da 1948, sai aka fara cewa zamani ya wuce Janar.

Amsarsa ta zo a fili. A 1950 ƙungiyarsa ta ci wasanni 11 cikin 12, a 1951 kuma aka zaɓe ta zakarar ƙasa, ko da yake Jami'ar Maryland ta doke ta da ci 28 da 13 a wasan Sugar Bowl, bayan an riga an kammala zaɓen.

Shahararren mai horarwa Paul Bryant ya kara da shi sau bakwai lokacin yana Jami'ar Kentucky, bai taɓa yin galaba a kansa ba.

Rashin lafiya ta sa Neyland ya ajiye aikin horarwa bayan kakar 1952, amma ya ci gaba da zama daraktan wasannin jami'ar.

Abin da ya bari

Duk nasarorin nan an same su ne a zamanin wariyar launin fata a kudancin Amurka. Babu baƙar fata ko ɗaya da ya taɓa buga wa Neyland wasa a Tennessee. Sai a 1968 Lester McClain ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa babbar ƙungiyar jami'ar wasa.

Neyland ya mutu ranar 28 ga watan Maris na 1962 a birnin New Orleans, yana da shekara 70. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Knoxville.

A shekarar ce aka sanya wa filin wasan jami'ar sunansa. Shi da kansa ya tsara yadda za a riƙa faɗaɗa filin, wanda a yanzu ke ɗaukar 'yan kallo sama da 100,000.

Ƙa'idojin wasa guda bakwai da ya bari, waɗanda suka fara da batun kauce wa kuskure, sun zama al'adar da 'yan wasan Tennessee ke maimaitawa kafin su shiga fili.