Heinrich Barth: Bajamushen da ya ratsa dajin Gundumi

A ƙarshen watan Maris na shekarar 1853, wani ayari da ya taso daga Katsina ya yada zango a Sansanin Isa, garin da a wancan zamani ke gadin iyakar Daular Sakkwato da Gobirawa. Cikin ayarin akwai wani Bature mai jin Larabci da Hausa, wanda abokan tafiyarsa ke kira Abdulkarim. Sunansa na yanka Heinrich Barth, kuma abin da ya rubuta game da wannan yanki na daga cikin bayanan da masana tarihi ke dogaro da su har yau.

An haifi Barth a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ranar 16 ga watan Fabrairun 1821. Ya yi karatu a Jami'ar Berlin, inda ya sami digirin digirgir a 1844. Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaya ƙasashen gaɓar tekun Bahar Rum, inda ya goge a harshen Larabci.

Shigowarsa ƙasar Hausa

Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar da ta kawo shi, da nufin buɗe hanyoyin ciniki da sarakunan kudancin Sahara. Su uku suka bar Tarabulus a watan Maris na 1850: shugaban tawagar James Richardson, da Barth, da wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg. Barth ya ziyarci Agadas, sannan ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, inda ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin dubu 30, ya kuma yi dogon bayani a kan saƙa da rini da fataucin tufafi.

Richardson ya rasu a 1851 kafin ya isa Kukawa, shi kuma Overweg ya rasu a 1852 kusa da Tafkin Chadi. Barth ya rage shi kaɗai, amma maimakon ya juya gida, sai ya yanke shawarar nufar Tambutu. Hanyar kuwa dole ta bi ta Sakkwato.

Iyakar da ba ta barci

Ƙasar da ya ratsa tana cikin yaƙi tun kafin a haife shi. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun yi ƙaura zuwa arewa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa sabuwar hedikwata a Tsibiri, kusa da Maraɗi, ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi. Daga can ne su da Katsinawan Maraɗi ke kai farmaki a kan garuruwan Zamfara da hanyoyin fatake.

Barth ya biyo ta Zurmi da Badarawa, ya ga garuruwa masu ganuwa da manoman da ke noma cikin ɗar-ɗar. Daga Isa sai dajin Gundumi, wanda matafiya ke tsoro saboda ƙishirwa da 'yan kwanton ɓauna. Al'adar ayari ita ce a cika salkuna, a kutsa ba tsayawa har a fita. Barth ya ba da labarin cewa sun yi tafiyar sa'o'i 26 ba su yada zango ba, mutane da dabbobi duk sun galabaita.

A bakin dajin, a ƙauyen Gawasu, ya tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ɗan Muhammadu Bello, ya yi sansani yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Sarkin ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi takardar aminci ga fataken Ingila, ya kuma ba shi izinin wucewa yamma. Barth ya zauna a Wurno fiye da wata guda, yana tattaunawa da malamai, ciki har da Abdulƙadir ɗan Tafa.

A lokacin ba a kafa Sabon Birni ba tukuna. Sai bayan wasu shekaru ne Ɗan Halima, ɗaya daga cikin 'ya'yan sarautar Gobir, ya bar Tsibiri da jama'arsa ya kafa garin.

Tambutu da komawa gida

A Gwandu, Barth ya sami kwafin Tarikh al-Sudan, ya kwafi sassa daga ciki, abin da ya nuna wa Turai cewa wannan yanki na da rubutaccen tarihi. Ya isa Tambutu a watan Satumbar 1853, inda Shehu Ahmad al-Bakkai ya ba shi kariya daga masu neman ransa. Labarinsa ya yanke har aka ɗauka a Turai cewa ya mutu.

Ya koma Landan a watan Satumbar 1855 tare da yara biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga yankin Damagaram, kuma daga bakinsa ne J. F. Schön ya rubuta labaran da suka fito a littafin Magana Hausa.

Barth ya wallafa labarin tafiyarsa cikin mujalladi 5 a 1857 da 1858. To sai dai littattafan ba su yi kasuwa sosai ba, domin masu karatu sun fi son labaran ban al'ajabi a kan jerin sunayen garuruwa da sarakuna da farashin kaya. Sai a 1863 ya sami muƙamin farfesa a Berlin. Ya rasu a can ranar 25 ga watan Nuwambar 1865, yana da shekaru 44.

Waɗannan bayanai da aka raina su ne suka zama dukiya ga masu binciken tarihin Gobir da Zamfara. Mazauna Isa da Sabon Birni kuwa ba sa bukatar littafi kafin su gane hanyar da ya kwatanta. A watan Disambar 2021 'yan bindiga sun ƙona matafiyan da suka taso daga Sabon Birni cikin motarsu, kuma a watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a kan hanya, shekaru 171 bayan wucewar Barth.