Olympe de Gouges

Olympe de Gouges (7 ga Mayu 1748 – 3 ga Nuwamba 1793) marubuciya ce kuma 'yar gwagwarmayar siyasa daga ƙasar Faransa. An fi saninta da neman 'yancin mata da yaƙi da bautar da mutane.

Farkon rayuwa

An haife ta a garin Montauban da ke kudancin Faransa. Sunanta na asali Marie Gouze. An aurar da ita ga Louis-Yves Aubry a shekarar 1765, suka haifi ɗa ɗaya mai suna Pierre. Bayan rasuwar mijin ba ta sake aure ba. Ta koma birnin Paris, inda ta ɗauki sunan da aka san ta da shi.

Rubuce-rubuce

Wasan kwaikwayonta kan wahalar bayi, L'Esclavage des Noirs, an nuna shi a gidan wasa na Comédie-Française a watan Disamba 1789. Masu cin moriyar bauta sun yi ta sukar wasan, kuma sau uku kawai aka nuna shi.

A 1789 ne juyin juya halin Faransa ya fitar da sanarwar 'yancin ɗan Adam, amma mata ba su samu damar zaɓe ko riƙe muƙami ba. Shi ya sa a watan Satumba 1791 ta wallafa Sanarwar 'Yancin Mace da 'Yar Ƙasa mai sassa 17, ta sadaukar da ita ga Sarauniya Marie Antoinette. A ciki ta nemi daidaito a gaban shari'a da mallakar dukiya da aikin gwamnati. Hujjarta ita ce, tunda doka na iya yanke wa mace hukuncin kisa, wajibi ne a bar ta ta tofa albarkacin bakinta a harkar mulki.

Kamu da mutuwa

Ta yi adawa da kashe Sarki Louis na 16, ta kuma soki Robespierre a fili. A watan Yuli 1793 aka kama ta saboda wata takarda da ta rubuta tana neman jama'a su zaɓi tsarin mulkin da suke so cikin uku. An yi mata shari'a ba tare da lauya ba, aka fille mata kai a Paris tana da shekara 45.

Tasiri

Matan Faransa ba su samu 'yancin zaɓe ba sai a 1944. A 2016 aka kafa mutum-mutuminta a ginin Majalisar Dokokin ƙasar.