Kyaftin McVay, Shugaban Jirgin Indianapolis

An haifi Charles McVay a Amurka cikin 1898, ɗan wani babban hafsan mayaƙan ruwa. Ya gaji ubansa, har cikin 1944 aka danƙa masa jirgin yaƙi mai suna Indianapolis.

A watan Yuli 1945, shekarar da sojanmu ke fama da Japan a Bama, ya kai kayan bam ɗin atom tsibirin Tiniyan. Ran 30 ga wata da tsakad dare, jirgin Japan mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbi jirginsa, cikin minti 12 ya nutse. Mutum wajen 900 suka watsu bisa teku, kusan kwana huɗu ba mai labarinsu. Ƙishirwa da rana suna kashe su, kifin shak kuwa yana fizgarsu ɗai ɗai. Masuntanmu na kogin Haɗejiya sun san ɓarnar kada. To, wannan kifi shi ne kadan teku. Cikin mutum 1,195, sai 316 suka tsira, har da McVay.

Aka yi masa shari'ar soja, aka ce bai riƙa karkata jirgi dama da hagu ba don kauce wa harbi. Hashimoto, kwamandan da ya harbe shi, ya shaida ko ya karkata ba zai kuɓuta ba. Duk da haka aka kama shi da laifi. Waɗanda jirgi bai iso musu ba suka yi shiru kuwa, ba a gurfanar da ko ɗaya ba. Babba juji ne.

Wasiƙun zargi daga dangin mamata ba su bar shi ba, har ya kashe kansa cikin 1968. Sai cikin 2000 Majalisar Amurka ta wanke shi, bayan shekara 32 yana kabari.