Otis Redding: mawaƙin da babbar waƙarsa ta fito bayan ya bar duniya

Shekaru biyar kacal marigayi Otis Redding ya yi yana ɗaukar faifai a kamfanin Stax, daga 1962 zuwa 1967. Duk da haka, har gobe sunansa na sahun gaba in ana zancen waƙar baƙaƙen fatar Amurka ta salon R&B da soul.

An haife shi ranar 9 ga watan Satumba na 1941 a Dawson, cikin jihar Jojiya, ya kuma tashi a garin Macon. A coci ya fara waƙa tun yana yaro. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 don ya taimaka wa iyayensa, yana shiga gasar waƙa a gari yana cinyewa.

Ƙofa ta buɗe masa a 1962, lokacin da ya tuƙo wani makaɗin jita mai suna Johnny Jenkins zuwa ɗakin ɗaukar waƙa na Stax a birnin Memphis. Aikin Jenkins bai yi armashi ba, lokaci kuma ya rage, sai aka ba direban dama. Nan ya rera These Arms of Mine, wadda ta zamo waƙarsa ta farko da ta shiga kasuwa sosai.

Kundinsa na farko, Pain in My Heart, ya fito a 1964. A 1965 ya fitar da Otis Blue, wanda aka ɗauki akasarin waƙoƙinsa cikin kwana ɗaya. A ciki ne ake samun Respect, waƙar da shi ya rubuta, Aretha Franklin ta sake rerawa a 1967 ta kai ta matsayi na ɗaya. A 1966 ya ƙara kundi biyu, sannan a 1967 ya yi King & Queen tare da mawaƙiya Carla Thomas. Masu yi masa kiɗa su ne ƙungiyar Booker T. & the M.G.'s, baƙaƙe biyu da farare biyu, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin Amurka.

Shekarar 1967 ce ta fitar da shi duniya. A watan Maris ya zagaya Turai, har ya yi wasa a zauren Olympia na birnin Paris. A watan Yuni kuma ya burge dubban matasa farar fata a bikin waƙa na Monterey, a jihar Kalifoniya.

A ƙarshen shekarar, bayan an yi masa aiki a maƙogwaro, ya koma Memphis ya ɗauki wata waƙa mai sanyi da suka rubuta shi da Steve Cropper, The Dock of the Bay. Ranar 10 ga watan Disamba, ƙaramin jirginsa ya faɗa tafkin Monona kusa da Madison, a jihar Wisconsin. Ya rasu yana da shekaru 26, tare da matuƙin jirgin, da mai yi masa hidima, da matasa huɗu na ƙungiyar Bar-Kays. Mutum ɗaya ne ya tsira, mai busa Ben Cauley.

Waƙar ta fito a Janairun 1968, a watan Maris ta hau matsayi na ɗaya. Ita ce ta farko da ta kai wannan matsayi a Amurka bayan mutuwar mai ita, ta kuma ci kyautar Grammy biyu.

Rashin Otis bai zo wa Stax shi kaɗai ba. Da aka sayar da kamfanin Atlantic, wanda ke rarraba faya-fayan Stax, sai mai Stax, Jim Stewart, ya gano cewa yarjejeniyar da ya sa wa hannu a 1965 ta mallaka wa Atlantic asalin waƙoƙin da suka bi ta hannunsa. Aka raba gari a 1968, Atlantic ya tafi da muryar Otis. Shi ne ya ci gaba da fitar da abin da ya rage a ajiye, irin su The Immortal Otis Redding a 1968, Love Man a 1969 da Tell the Truth a 1970. Stax kuwa, inda aka ɗauki waƙoƙin, ya durƙushe a 1975.