Alhaji Umaru Kete-Karaci: Ɗan Falken Da Ya Rubuta Wa Duniya Labarin Hausawa

Duk wanda ya zauna a Nima ko Mamobi a birnin Akra, ko ya yi karatun zaure a wani zango na ƙasar Ghana, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Alhaji Umaru na Kete-Karaci ba. Yawancinmu mun san shi ne da waƙa da limanci. A yau za mu duba wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika faɗa ba, wato rawar da ya taka wajen haɗa littattafan da masanan ƙasashen waje ke buɗewa idan suna neman sanin Hausawa.

An haifi Umaru ɗan Abubakar a Kano wajen shekarar 1858. Mahaifinsa Bakabe ne, mai fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Umaru ya taso yana karatu a gaban malamai, yana kuma bin ayari zuwa Salga, babbar kasuwar goro ta wancan zamani. Littafinsa na farko, wanda ya rubuta da Larabci tun yana saurayi, na koyar da rubutun wasiƙa ne, abin da duk mai nisa da gida ke bukata.

A shekarar 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke a Salga, kasuwa ta watse, fatake suka bazu. Malam Umaru na cikin waɗanda suka koma Kete-Karaci a bakin kogin Bolta, garin da ya shiga hannun Jamusawa. A can ya zama limami, a can kuma ya haɗu da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ke nazarin harshen Hausa.

Rabon aikin nasu a fili yake. Liman yana rubutawa da ajami, Bajamushen yana juyawa zuwa boko, yana fassarawa zuwa Jamusanci. Malam Umaru ya rubuta bayani a kan noma da kiwo, saƙa da rini, jima da ƙira, yadda ake ciniki a kasuwa, yadda ake aure, da tarihin garuruwa irin su Kano da Katsina da Kabi. A 1906 Mischlich ya buga ƙamus ɗin Hausa zuwa Jamusanci a Barlin, daga baya ya fitar da rubuce-rubucen limamin kashi-kashi. Sunan da ke bangon littafi na Bature ne, amma ilimin ya fito ne daga mutumin da ya taka hanyar Gwanja da ƙafarsa.

Wannan hulɗa ba ta rufe masa baki ba. A cikin waɗannan shekarun ne ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, inda ya lissafa garuruwan da suka ci da ƙarfin bindiga. Ya kuma yi waƙa a kan talauci da wadata. A 1913 ya tafi aikin hajji, ya karɓi ɗarikar Tijjaniyya a Madina, ya dawo wajen 1918 ya ci gaba da karantarwa, har Allah Ya yi masa rasuwa a Kete-Karaci a 1934.

Aikin bai tsaya da rasuwarsa ba. Almajiransa sun kwafi rubuce-rubucensa sun bazu da su cikin zanguna. Bayan an kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Ghana da ke Legon a 1961, masana irin su Ivor Wilks, tare da taimakon Alhaji Usman Boyo, sun bi gidajen malamai suna aron takardu, suna ɗaukar hotonsu, suna mayar wa masu su. A 1973 Douglas Ferguson ya fassara bayanin Malam Umaru a kan ƙasar Hausa zuwa Turanci a Amurka. A 2000 masanin Hausa ɗan ƙasar Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya buga rubuce-rubucensa na ajami. A 2003 kuma John Hunwick da abokan aikinsa daga ƙasashe daban-daban suka fitar da juzu'i na huɗu na babban kundin marubutan Larabci na Afirka, inda aka jera ayyukan Malam Umaru da sunansa, da wuraren da ake samun kowanne.

Tsohon garin Kete-Karaci ya nutse a tafkin Bolta bayan gina dam ɗin Akosombo a shekarun 1960. Rubutun ya tsira ne domin akwai waɗanda suka kwafa, da waɗanda suka adana, da waɗanda suka yarda suka ba da aro. A gidajenmu na fatake har gobe akwai tsofaffin wasiƙu da takardun bashi da littattafan kakanni a cikin adaka, gara da danshi suna cin su. Ya kamata mu fito da su mu nuna wa masana, a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan mai su.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.